Ruwa ne ko kitse? Inda ya kamata a nufa da mai ƙiba idan zuciya ta fara gazawa

A daminar bara Gwaggo ta daina kwanciya. Da ta miƙe a katifa sai numfashi ya sarƙe mata kamar an aza mata dutsen niƙa a ƙirji, ta zabura ta zauna tana haki. Aka jingina mata buhun gero a bango, aka ɗora filo uku, a haka take kwana. Sallah a zaune. Silifas ya ƙi shiga. Ranar da na je dubiya na danna babban yatsana a ƙaurinta na ƙirga biyar, da na ɗaga sai ga rami ya zauna kamar na danna malmalar tuwo, har muka gama gaisawa bai cike ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce, tana aure a wani ƙauye a ƙasar Ringim, sana'arta man gyada da ƙuli-ƙuli. Da ƙibarta na buɗe ido na gan ta, kuma ba wanda ya taɓa kiran abin ciwo. A wajenmu cewa ake jiki ya yi kyau, hutu ya karɓe ta.

Daren nan a zaure kowa da inda ya nufa. Babban ɗanta ya ce a je kemis a karɓo ƙwayar fitsari, ai wancan karon ita ta sauke kumburin. Abokiyar zamanta ta aiko cewa a kira wanzami ya yi ƙaho ya janye mataccen jini, a haɗa da jiƙo. 'Yarta da ke aure a Kano ta bugo waya ta ce teɓa ce ta danne zuciyar, akwai wani shayi da ta gani a Facebook. Wani ɗan'uwanmu ma'aikaci a Abuja ya kawo zancen allurar rage ƙiba, har da tiyata a Masar. Duk wanda yake da mai irin wannan jiki a gida zai ji waɗannan shawarwari, kuma kowacce da ɗan gaskiyarta. Abin da na fahimta bayan mun sha wuya shi ne ba a iya zaɓa a tsakaninsu sai an gane cewa nauyin da ke jikin irin wannan mara lafiya iri biyu ne. Akwai na kitse, wanda ya taru a shekara ashirin ko talatin. Akwai na ruwa, wanda zai iya taruwa a mako biyu. Kowace hanya ɗaya daga cikinsu take taɓawa, wata ma ba ta taɓa ko ɗaya.

Manomin rani zai gane abin da sauri. Ka sayi injin ban ruwa daidai kadada ɗaya, sai ka yi ta ƙara fili har ya kai uku, injin dai shi ne. Kitse nama ne mai rai, jini yake buƙata, don haka jiki yakan ƙara yawan jini, zuciya kuma ta ƙara aiki dare da rana. Ga hawan jini da ciwon sukari da suke bin ƙiba kamar jela. Ga minsharin nan mai yankewa, wanda mutum zai yi shiru kamar ya mutu sannan ya fizgo numfashi: maƙogwaro ne yake toshewa, iska ta ragu a jini, zuciya ta sha wahala sau da dama a dare guda. Sannu a hankali naman zuciyar ya yi kauri, ko ta buɗe ta saki. Idan ta kasa tura jini yadda ya kamata sai ya taru ta baya, ruwansa ya tsattsafo cikin huhu, ya sauka ƙafafu, ya cika ciki, hanta ta kumbura. Ƙoda kuwa da ta ga jinin da ke iso mata ya ragu sai ta ɗauka fari ake yi, ta riƙe gishiri da ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Wannan shi ne gazawar zuciya, wanda mutanenmu suka fi sani da kumburin zuciya.

Likitoci suna auna ƙiba da lissafin da suke kira BMI: a raba nauyi (a kilo) da tsawo (a mita), a sake rabawa da tsawon. Daga 30 an shiga ƙiba, daga 40 ta yi tsanani. Wani dogon bincike da aka yi a garin Firamingham na Amurka, aka wallafa a 2002, ya nuna masu ƙiba sun ninka masu matsakaicin jiki haɗarin gazawar zuciya, kuma duk maki ɗaya da BMI ya ƙaru haɗarin yana ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari ga maza, kashi 7 ga mata. A nahiyarmu kuwa ciwon da wuri yake kama mutane. Binciken da aka wallafa a 2012 kan marasa lafiya 1,006 a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, ya samu matsakaicin shekarunsu 52 ne kacal, kuma hawan jini ne sanadin kusan kashi 45 cikin ɗari.

Bari in fara da kemis, don can ƙafa ta fi saurin zuwa. Ba zan raina shi ba. Yana kusa, mai shi ɗan gari ne, yana ba da bashi har kaka, kuma ƙwayar fitsarin nan, Lasix, da zai bayar tana aiki da gaske: a kwana ana fitsari, da safe ƙafa ta sace, numfashi ya ɗan sauka, gida ya yi hamdala. Matsalar ita ce Lasix kwasar ruwa kawai take yi, kamar mai kwalfe ɗaki da ƙwarya alhali rufin yana yoyo. Ba ta gyara zuciyar. Tana kuma fitar da sinadarin fotasiyam tare da fitsarin, wanda in ya yi ƙasa bugun zuciya yakan rikice, in kuma aka zarce da ita jiki ya bushe ƙoda ta taɓu. Gwajin jini ne kaɗai yake nuna wannan, mai kemis kuwa ba shi da shi. Sannan ba kowane kumburi ne na zuciya ba. Ƙoda tana kawo shi, hanta ma haka. Wani abin da ya ɗaure wa ɗan Gwaggo kai shi ne ƙwayar da ta yi aiki wancan karon, wannan karon ta ƙi ko da ya ninka. Dalili: ruwan ya kai ga hanji ma, hanjin da ya kumbura kuwa ba ya tsotse magani sosai. A wannan matakin sai allura ta jijiya.

Amma babbar ɓarnar ba a Lasix take ba. Mai ƙiba ba ya rabuwa da ciwon gwiwa da na baya, maganin da aka fi miƙa masa kuwa shi ne diklofenak, ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci cikin haɗin nan na ƙwayoyi huɗu ko biyar da ake ƙullawa a leda ba suna, har da deksa (ƙwayar deksametazon) a ciki. Dukkansu suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga hawan jini, ukun farko kuma suna cin ƙoda. Da muka zazzage gwangwanin da Gwaggo take ajiye magani, a ƙarƙashin goro da ɗan kunne muka tarar da irin wannan ƙullin har bakwai. Da hannun dama ana kwashe ruwa, da na hagu ana zubawa. Deksa ɗin nan dai ita ce cikin magungunan sha-ka-fashe da 'yan mata suke sha don su yi ɓul-ɓul kafin biki. Duk mai 'ya a gida ya sa ido. Ga mai ciwon zuciya farasitamol ya fi aminci. A ganina amfanin kemis biyu ne: sayen abin da likita ya rubuta, da awon jini in yana da na'ura.

Na gargajiya sai an rarrabe. Addu'a da tofi ba su yi karo da komai ba, har a gadon asibiti ana yi. Zoɓo ba sukari yana ɗan sauke hawan jini, ba laifi a sha daidai misali, sai dai a gaya wa likita. Amma ƙaho da tsaga a kumburarriyar ƙafa, wannan kam a'a. Ba mataccen jini ba ne a ciki, ruwa ne, kuma fatar ta riga ta miƙe ta yi laushi. In aka tsaga sai ta yi ta tsiyaya kwana da kwanaki, ta zama gyambo, balle in akwai ciwon sukari. Jiƙo kuma a tambayi abin da ke ciki. Da yawa da kanwa ake haɗa su, kanwa kuwa sodiyam ce, 'yar'uwar gishiri, ruwa take tarawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka zargi kunun kanwa da zafin wankan jego da na gasa jiki. Masu filasko kuma gudawa suke sawa, mutum ya ji ya yi sakayau ya ɗauka sauƙi ne, alhali fotasiyam ɗin da Lasix ta rage ne ya ƙara zubewa.

Shayin rage teɓa ba zan daɗe a kansa ba. Mafi yawansu maganin wankin ciki ne ko na fitsari aka zuba a kwali mai kyau, sikeli ya nuna an ragu kilo biyu, kitse yana nan daram. Wasu an sha kama su da sinadarin sibutiramin a ɓoye, maganin da Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A ce mai ciwon zuciya ne zai sha wannan.

Asibiti muka tafi, da asuba, a motar kasuwa da muka ɗauki shata, Gwaggo a gaba an kwantar da kujera rabi. Aka ɗora ta a sikeli: kilo 112, tsawonta mita 1.6, BMI ya kusa 44. Ta dubi likitan ta ce, "Ɗana, ni fa ba wani ci nake ba. Ko ruwa na sha ƙiba yake zama." Ya yi murmushi ya ce, "Mama, yau kam kun faɗi gaskiya." Kwana tara tana kwance ana yi mata allurar fitsari ta jijiya, ana auna abin da ta sha da abin da ta fitar, ana ɗibar jini a duba ƙoda. Ranar sallama sikeli ya nuna 103. Kilo tara, lita tara ke nan, fiye da rabin tulu, duk ruwa. Sauran 103 ɗin kuwa har yanzu BMI 40 ne, wato ƙibar tana nan ba ta je ko'ina ba.

Asibitin ma hawa-hawa ne, kuma sanin wannan yana rage ɓarnar kuɗin mota. Ƙaramin asibitin ƙauye zai auna jini da sukari ya rubuta takardar turawa. Wurin bibiya ne, ba wurin wanda ya kasa kwanciya ba. Babban asibitin ƙaramar hukuma, irin na Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim, Bichi, Gaya ko Rano, nan ne ake kwantarwa a cire ruwa, a yi gwajin ƙoda. Manyan kuwa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Asibitin Murtala, Rasheed Shekoni a Dutse, Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, can ake nufa don ganin ƙwararru da hoton zuciya da ake kira eko. Hoton nan shi ne abin da ba wata hanya da za ta ba ka, kuma ko akuya za a sayar a yi shi, ko da sau ɗaya.

Dalili kuwa gazawar zuciya kala biyu ce, a ido kuma ba a bambance su. Akwai zuciyar da ta saki, ba ta matsa jini da ƙarfi; a hoton za a ga abin da take turawa a kowane bugu bai wuce kashi 40 cikin ɗari ba. Akwai kuma wadda ƙarfin matsawarta yana nan, kashi 50 ko fiye, amma ta yi tauri kamar salkar da ta bushe, ba ta buɗewa ta karɓi jini. Wannan ta biyun ita ta fi kama masu ƙiba, musamman mata da suka manyanta, ita ce kuma ta Gwaggo. Ta farkon tana da magunguna iri huɗu da aka tabbatar suna rage mutuwa da yawan kwanciya asibiti: dangin lisinofiril ko losatan ko sabon nan Entresto, dangin bisofurolol da kabedilol, Aldactone, sai dangin Forxiga da Jardiance waɗanda asalinsu na ciwon sukari ne. Ta biyun kuwa abin da ya fi yi mata aiki shi ne Forxiga ko Jardiance, ƙwayar fitsari daidai buƙata, danne hawan jini, da rage ƙibar kanta. Ka ga ke nan wanda ya ari maganin maƙwabci don "ciwonmu ɗaya" caca yake yi. Matar da ke haihuwa kuma lallai ta faɗa wa likita, domin lisinofiril da losatan da Entresto suna illata ɗan ciki.

Ba zan ɓoye tsadar wannan hanya ba. Kuɗin mota, kuɗin gwaje-gwaje, mai jinya da zai bar gona ana tsakiyar noma, layin da za a bi tun duku-duku. Mafi nauyi shi ne maganin ba ya ƙarewa. Mutanenmu sun saba da maganin zazzaɓi, kwana uku an gama, shi ya sa da ƙafa ta sace sai a ajiye ƙwaya, bayan wata biyu a dawo jiya-i-yau, a sake biyan kuɗin gado wanda ya fi na maganin wata da watanni. Abin da ya rage mana nauyi shi ne mun roƙi likita ya rubuta sunan maganin na asali maimakon na kamfani mai tsada, muka kuma nemi a mayar da bibiya asibitin kusa, sai jifa-jifa a koma babba. Yana da kyau a tambayi tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KSCHMA a Kano, JICHMA a Jigawa, a ji yadda ake shiga.

Akwai lokacin da babu zancen zaɓi. In mutum ya kasa ƙarasa magana don haki, ko yana tarin kumfa mai ja-ja, ko leɓe da farce sun yi duhu, ko ya suma, ko ƙirji ya riƙe da gumi mai sanyi, a nemi mota ko tsakar dare ne, a ɗauke shi a zaune, kada a kwantar da shi.

To an cire ruwa. Saura kitse, kuma nan ne hanya ta sake rabuwa uku: tukunya, allura, wuƙa.

Ta tukunya ita ce mai araha, ita ce kuma mai wuya, domin ba mara lafiyar kaɗai ta shafa ba. Gishiri ne farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wajen cokalin shayi ɗaya, duka-duka har da wanda ke ɓoye. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, mu kuwa huɗu ko biyar muke marmasawa a tukunya sannan a bi da gishiri da farin magi. Ga kanwa a wake, a ɗanwake, a miyar kuɓewa, a kunu. Ga yajin ƙuli, ga kilishi, ga taliyar leda da garinta, ga burodi. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce a ɗebi miyar Gwaggo kafin a sa dunƙule, a ƙarfafa ta da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da masoro. Wake a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba kanwa. Wata ta ce a koma ruwan toka, likita ya hana: toka fotasiyam ce, wasu magungunan zuciya kuma, irin su Aldactone da lisinofiril, riƙe shi suke yi a jiki, in ya yi yawa shi ma haɗari ne. Sati biyun farko Gwaggo cewa take, "Kai ɗan nan, wannan ai miyar marasa gata ce." Na ce, "Gwaggo, ku daure, harshe zai saba." Ya kuwa saba.

Sai abin da ke ƙara kitsen. Gwaggo da gaskiyarta da ta ce ba ta cin abinci da yawa. Malmala ɗaya da rabi take ci. Abin da ba ta lissafawa shi ne ɗanɗane. Mai suyar ƙuli tana bakin kasko tun hantsi, wannan ya karye ta jefa a baki, wancan ya ƙone ta jefa a baki, tunkuza a gefe, man da ta matse da kanta kuma ba ta aunawa in za ta zuba a shinkafa da wake. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, gyada ne ko manja, kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 120 ne. Ƙara da fura mai sukari da rana, shayi mai kauri da safe, lemon kwalba in an yi baƙi. Ba mu hana ta tuwo ba. Malmala ɗaya, miya mai ganye da yawa, zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kwaɗon da ba a cika masa ƙuli da mai ba, wake, kifi in an samu, fura ba sukari. Suyar kuma jikarta ta karɓa, ita sai lissafin kuɗi.

Motsa jiki ga macen da ke cikin gida ba sai an fita ba. Zagayen tsakar gida ne bayan asuba da bayan la'asar, a fara da minti biyar, a riƙa ƙarawa, ma'aunin shi ne ta iya tafiya tana magana. Horon yunwa kuwa ba shi da amfani, tsoka yake cinyewa. Rabin kilo a mako ya isa. A kuma shirya wa bakin mutane, domin da ta fara faɗawa za a soma cewa ko ba a kula da ita, ko kishiya ce, ko wani mugun ciwo ne. Gara a riga su, a faɗa wa dangi likita ne ya ce.

Gaskiyar da ya kamata a sani ita ce mai ƙiba irin wannan ba kasafai yake sauke fiye da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa da gyaran abinci kaɗai ba. Ga mai kilo 100, biyar zuwa goma ke nan. A ido ba wani abu ba ne, amma ya isa ya sauke hawan jini da sukari, ya rage minshari, ya sassauta wa gwiwa.

Allurar da ɗan'uwanmu na Abuja ya ambata ba ƙarya ba ce. Sunanta semagulutayid, ana sayar da ita da sunan Ozempic da Wegovy, sau ɗaya ake yi a mako, tana rage jin yunwa. A 2023 aka wallafa gwajinta kan mutum 529 masu ƙiba da irin zuciyar nan mai tauri: a shekara guda masu allurar sun sauke kusan kashi 13 cikin ɗari na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki don a kwatanta kuwa ƙasa da kashi 3, haki ya ragu, tafiyar da suke iya yi a minti shida ta ƙaru da wajen mita 20. Magani ne na gaske, ya fi tukunya ƙarfi. Amma a auna shi da ƙauye. Kafin a fara amfani da ita firji take zama, a garin da wuta sai an gan ta. Kuɗinta na wata ya fi ƙarfin yawancin manoma, kuma ba ta wata ɗaya ba ce: waɗanda suka daina a wani gwajin sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke a shekara guda. Tana sa tashin zuciya da amai, wanda ga mai shan ƙwayar fitsari a zafin Afrilu zai iya busar da jiki ya taɓa ƙoda. Mai ciki ba ta yi. Ga jabu: a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a wasu ƙasashe. Wanda yake da ɗa mai hali da zai ɗauki nauyin shekaru, da firjin sola, da likitan zuciya da zai rubuta ya kuma bibiya, ya tambaya, ta cancanci tambaya. Wanda zai saya a intanet ya yi wata biyu kuɗi su ƙare, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tiyata ta fi duka sauke nauyi, kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, kuma ya fi daɗewa bai dawo ba. A irin da aka fi yi, ana yanke kusan kashi huɗu cikin biyar na tumbi a bar shi kamar ayaba. Sai dai tsirarun asibitoci ne ke yi a irin su Legas da Abuja, ko a fita Masar ko Indiya, kuɗin miliyoyi ne, ba a yi wa wanda zuciyarsa ba ta daidaita ba, bayan an yi kuma sai ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da gwaji har ƙarshen rayuwa. Ta fi dacewa da mai sauran shekaru wanda ƙiba ta yi wa katutu tun zuciyar ba ta gaza ba. Ga dattijuwa a ƙauye, ban ga hanyar ba.

In aka tambaye ni, ga yadda zan jera su. Wanda ƙafarsa ke lotsawa, yake kwana a zaune, maganarsa ta ruwa ce, kuma ruwa na asibiti ne. Duk wanda ya kawo zancen rage ƙiba a ranar ya yi gaggawa. Wanda aka cire wa ruwa aka ɗora a kan magani, maganarsa ta koma tukunya da tsakar gida, allura kuma ƙari ce ga mai hali. Wanda ƙiba ce kawai da minshari da hawan jini, ƙafa ba ta fara ba, shi ne mai babban rabo, don shi gyaran abinci da ƙwayar hawan jini za su iya tare masa ciwon tun bai zo ba. Azumi kuma a kai wa likita zancen tun Sha'aban: wanda jikinsa ya daidaita sau da yawa ana gyara masa lokutan magani ya yi, wanda bai daɗe da sauka daga gadon asibiti ba akan ce ya dakata.

Abu ɗaya da ya haɗa duka hanyoyin shi ne sikeli, don shi ke faɗin wane nauyi ne ya motsa. Kilo ɗaya na kitse sai an tara rarar kalori wajen 7,700, abincin kwana uku cur, saboda haka ba mai yin kilo biyu na kitse daga Litinin zuwa Alhamis. In nauyi ya haura fiye da kilo 2 a kwana uku, ruwa ne, a nemi likita ko ƙafa ba ta nuna ba, domin jiki yana iya ɓoye lita uku kafin yatsa ya lotsa, na mai ƙiba ma ya fi iya ɓoyewa. Haka in aka ga mutum yana zubewa ba tare da ya rage ci ba, ba abin murna ba ne, shi ma a kai shi.

Da farko da sikelin mai sayen riɗi na bakin kasuwa muka fara, ana kawo shi zaure a baro ranar da ba ciniki. Daga baya 'yarta ta aiko da na gida daga Kano, kuɗin da ta so kashewa a shayi. Yanzu kullum da safe, bayan ta kewaya, kafin ta karya, Gwaggo takan hau, jikanta ɗan aji biyar ya rubuta a bayan littafin lissafinsa. Makon jiya 97 ya rubuta. Filo biyu take kwana a kai, buhun geron an mayar da shi rumbu. Bayan sallar layya, da aka sha romo da soye, lambar ta haura kilo biyu da rabi a kwana uku, yaron ne ya fara gani, ya ruga gona ya kira babansa.